Yadda nake kwantar da Miata idan hunturun Winnipeg ya gabato

A Winnipeg, wani birni a ƙasar Kanada, duk mai motar da ake naɗe rufinta ya san rabin shekara kawai yake da mota. Daga ƙarshen Oktoba iska za ta fara cizo, kafin a ankara dusar ƙanƙara ta rufe gari, a Janairu kuwa awon sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne. Tawa Mazda MX-5 ce, wadda ake kira Miata a nan, irin ta farko da ta fito a 1989, mai fitilun gaba da ke ɗagowa idan an kunna. Ƙarama ce, mara nauyi, tayoyin baya ke ja, cikinta kusa da ƙasa. Akwai masu taurin kai da ke sa mata tayar hunturu su shiga titi, kuma tana tafiya. Ni abin da ya hana ni gishiri ne. Ana watsa shi da yashi a kan titi don kada a zame, shi kuma ya manne a ƙarƙashin mota ya haifar da tsatsa, kuma irin wannan Miata ta yi ƙaurin suna wajen ruɓewa ta gindin ƙofa, dab da tayar baya.

Yayana da ke Kano bai taɓa yarda da wannan tsari ba. Ya ce min a waya: "Wai kai, mota lafiyarta ƙalau, ka kulle ta har wata biyar? To ka riƙa tayar da ita kowace safiya mana, kada inji ya kwanta." Na ce: "Yaya, ai tayarwar ce ke kashe ta a nan." Dariya ya yi, ya ce Turai ta ɓata ni.

Maganar tasa ita ce abin da kowa ya taso da shi a gida, kuma a zafin Kano ba ta cutar da kowa. A garejin da ba ɗumi kuwa lissafin ya sha bamban. Duk lokacin da fetur ya ƙone, tururin ruwa na fita tare da hayaƙi. Idan ka tayar da inji mai sanyi na minti goma ka kashe, tururin zai koma raɓa a cikin salansa da cikin injin kansa, ya gauraya da baƙin mai, ba tare da ƙarfen ya yi zafin da zai busar da shi ba. Batir ma ya yi asara, don abin da tayarwa ta ci cikin irin wannan sanyi ba ya dawowa a ɗan wannan lokaci. Ga kuma hayaƙin da ke kisa a rufaffen gareji ba tare da wari ba. Saboda haka aikin duka a yini ɗaya nake yin sa, daga nan in ɗauke hannuna, kuma ɗauke hannun ya fi aikin wuya.

Ranar kwantarwa nakan fara da juye baƙin mai da canza filta, don tsohon mai yana ɗauke da datti mai cin ƙarfe. Sai gidan mai: in zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, in cika tanki fal. Fetur ɗin nan ana gauraya shi da sinadarin etanol mai jan danshi, kuma tankin da ke rabi yana ba raɓa wurin taruwa. Daga nan in yi doguwar tafiya, maganin ya zagaya ko'ina, inji ya yi zafi sosai, wannan kuma shi ne yawon ban kwana. Ruwan lagireto ana auna shi. Haɗin rabi da rabi na ruwa da maganin hana daskarewa yana jure kusan 37 ƙasa da sifili, amma a wannan gari na fi son ya ɗan fi haka ƙarfi.

Rufin ne ke cin lokacina. Bayan wanki nakan bar shi ya bushe ƙayau, sannan in ɗaga shi in kulle maƙallansa biyu na gaba. Ba a ajiye shi a naɗe, don sanyi na sa shi ya takure, layukan ninki su zauna, da bazara ka yi ta kokawa bai kai gilas ba. Tagar baya ta wannan samfurin roba ce mai zif, kuma a tsananin sanyi takan yi tauri har ta tsage idan aka lanƙwasa ta, don haka ko taɓa ta ba na yi sai gari ya yi ɗumi. Akwai kuma wasu ƙananan ramuka biyu a bayan kujeru, inda ruwan da ya gangaro daga rufi ke bi ya fita ta ƙasa. Ganye da ƙura na toshe su, ruwan ya kwanta a jikin mota. Nakan zura doguwar burushi mai lanƙwasuwa, irin ta wanke kakakin 'yan badujala, sai ka ga baƙin taɓo ya faɗo a siminti, in bi da ruwa kaɗan har in ji yana zuba.

Taya nakan ƙara mata iska. Takardar jikin ƙofa ta ce 26, ni nakan kai ta wajen 35, don kada gefen da ke ƙasa ya baje, kuma sanyi zai rage wani abu da kansa. Birkin hannu ba na ja, yana iya mannewa. Waigi nake sawa gaba da baya. Batir a but yake a wannan mota. Wasu na cire shi su shigar gida, ni nakan haɗa shi da ƙaramar caja mai kashe kanta idan ya cika, don batirin da ya sauka ƙasa yana iya daskarewa ya fashe.

Sai ɓera. Ranar da na sayi motar, da na buɗe akwatin filtar iska, abin da na tarar sheƙa ce cif: yagaggen soso, zare, da ɓawon irin da ake zuba wa tsuntsaye, an jera kamar rumbun mai tanadi. Tun daga nan nake cusa soson ƙarfe a bakin salansa da mashigar iska, in ɗaura jan ƙyalle a sitiyari don in tuna in cire. Mutane na yabon kafur da man na'a-na'a. A ganina tarko a gindin bango ya fi su duka, da kuma kada a bar ko ƙwayar hatsi a garejin. Mayafin da nake rufa mata na yadi ne mai shan iska, leda tana tara gumi.

Kuɗi ma ana iya ragewa. Hukumar inshorar motoci ta Manitoba, lardin da Winnipeg yake ciki, tana da tsari na motar da aka ajiye, mai rahusa, wanda ke kare ta daga gobara da sata, da sharaɗin ba za ta hau titi ba.

Hatsarin ƙarshe yana zuwa a Maris, ranar da rana ta fito, ƙanƙara ta fara narkewa, hannu ya fara ƙaiƙayi. A lokacin titi ya fi kowane lokaci muni: ruwan gishiri ko'ina, da ramukan da sanyi ya fasa, waɗanda mota mai ƙasa irin wannan ba ta da yadda za ta yi da su. Nakan jira sai motocin shara sun kwashe yashin hunturu, an kuma yi ruwan sama mai ƙarfi ya wanke kwalta. Sannan in mayar da inshora, in zare soson ƙarfe, in rage iskar taya zuwa 26, in leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Birki zai yi ƙara a tsayawar farko saboda tsatsar da ta hau faifai, sai in taka shi a hankali a layin bayan gida har ya goge, kafin in fita babban titi.