Mako na shida: zinare ya rikita min gwangwanaye

'Yan uwa masu tara duwatsu, ga inda na kwana. Gwangwanin madara huɗu na jera a kan benci a ɗakina nan Gusau, ina rarraba duwatsuna a ciki bisa rabon da Victor Goldschmidt, masanin ƙasar Norway, ya yi wa sinadarai a shekarun 1920: masu son dutse, masu son ƙarfe, masu son farar wuta, da masu son iska. Na huɗun fanko ne har yau, don ba mai kama naitirojin ya rufe a gwangwani.

Na farko bai ba ni wuya ba. Tsakuwar da na tsinto a gindin dutsen Kwatarkwashi ta shiga, silikon da alminiyon ne suka ƙulla da oksijin.

Rigimar ta taso ne da wani gutsure da abokina ya kawo min daga wajen Anka, inda ake samun zinare tare da dalma. Farin dutse ne, amma nauyinsa ya fi girmansa, ga wasu ƙwayoyi masu kusurwa huɗu, ruwan toka, suna ƙyalli. Galina ke nan, dalma da farar wuta, wadda ake niƙawa a yi tozali. A gefe kuma ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa. Har na fara murna, na ɗauka zinare ne! Da na danna allura sai ya marmashe, na goga a bayan tayil ya bar baƙin layi. Zinare da lotsawa zai yi. Ashe ƙarfe ne da farar wuta.

Abin da ya hana ni barci shi ne, a wurin Goldschmidt zinare ɗan gidan ƙarfe ne, me ya kai shi maƙwabtaka da dalma? Da duniya take narke, mafi yawansa ya bi ƙarfe ya nutse can tsakiyarta. Ɗan ragowar ne ruwan zafi ya kwaso ta tsagogin duwatsu, ya sauke shi tare da 'yan gidan farar wuta. Wannan zaman taren ne ya ci mu a 2010, da aka riƙa niƙa dutsen zinare cikin gidaje a Anka da Bukkuyum, ƙurar dalma ta kashe yara sama da 400. Allah Ya ji ƙansu.

Don haka ban fasa gutsuren ba, ban kankare shi ba. Na ƙulle shi a leda biyu, na sa a gwangwani na uku, na ɗora kan durowa inda su Ummi ba za su kai ba. Mako mai zuwa mayen ƙarfe zan ja a cikin yashin gulbi, ko gwangwani na biyu ya samu baƙo.