Ruwan ciyawar maƙwabcina da bangon ɗakin yarana

Duk wanda ya zauna Kaduna ya san Disamba ba watan danshi bane, hunturu ne sosai, leɓe na tsagewa, ka shanya kaya da hantsi kafin azahar sun bushe ƙayau. Toh a irin wannan lokacin ne bangon ɗakin yarana ya fara jiƙewa daga ƙasa, fenti na kumbura yana ɓarewa, wani farin gari na fitowa a jikin filasta in ka shafa sai ya zubo a hannunka. Katifar da ke manne da bangon ta yi fumfuna ta ƙasa, ɗakin na warin laima, ƙaramar kuma ga tari da daddare. Na kira mai gyaran famfo ya duba yace Oga babu bututu ko ɗaya a bangon nan, ka dai leƙa bayansa.

A Rigasa muke, kuma gidan ginanne na saye shi, irin ginin nan da ake cinye fili kaf, bangon ɗaki shine katanga babu ko ratar da akuya zata wuce. Maƙwabcin nawa dattijo ne da ya yi ritaya ya dawo daga Abuja, ya haƙa bohol ya sa sola, sai ya shuka ciyawar nan ta ado irin ta gidajen Malali da Unguwan Rimi, ya jera ayaba da gwanda a jikin bangona. Gaskiya wurin ya yi kyau, ni kaina ina son ganin kore a cikin wannan ƙurar tamu. Matsalar itace ya sa tifa ta kawo baƙar ƙasa da taki aka baje har ƙasar ɓangarensa ta fi daɓen ɗakina tudu, sannan yaronsa safe da yamma yana ban ruwa da tiyo, wani lokacin ma ya ajiye tiyon a gindin ayaba ya tafi sabgarsa ruwa na ta kwarara tunda ba kuɗin mai ake kashewa ba. Bulo kuwa shan ruwa yake, in dai ƙasa mai laima na jingine da shi kuma ba a sa leda ko wani abin tare danshi a fandisho ba, sai ya ja ruwan ya hau da shi sama, farin garin nan gishirin cikin ƙasa da siminti ne da ruwan ke bari idan ya bushe.

Na same shi a gida bayan magariba, muka gaisa sosai, nace Alhaji wata 'yar magana ce ta kawo ni, ruwan da ake ba shukar nan yana ratsowa ɗakin yara, ko za'a ɗan ja da ita baya. Ya yi shiru sannan yace Malam ruwana ne, bohol ɗina ne, fili nawa ne, kuma tunda ka taɓo maganar bari in gaya maka wannan bangon naka ma cikin filina yake, na daɗe ina kawar da kai ne kawai. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi, na je maganar tiyo na dawo da maganar iyaka.

Daga nan abin ya shiga cikin gida, mata suka daina aika wa juna tuwo, yara suka daina shiga kallo, a masallaci sahu ɗaya amma kowa na neman ƙarshen da ɗayan baya nan. Masu ba da shawara kuwa ba'a magana, wani yace in watsa baƙin mai ta kan katanga da dare ciyawar ta mutu, wani yace in kai shi ofishin 'yan sanda. Na farkon zalunci ne ƙarara kuma da na yi da ni zan koma mai laifi, na biyun kuma 'yan sanda ba su yanke iyakar fili, iyaka dai a rubuta ku a tsawatar a ce kuje kotu, ku dawo gida gaba ta ƙaru. Sai na tafi wajen mai unguwa.

A zauren mai unguwa ne na ga raunin takardun da yawancinmu ke riƙe da su muna ganin mun mallaki fili. Tawa ta ce ƙafa 50 da 100, tasa ma 50 da 100, duk da sa hannun shaidu da hatimi, amma babu wadda ta faɗi daga ina aka fara awon. Abin da aka rubuta shine gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, kuma waɗannan mutanen wasu sun sayar sun tashi wasu sun rasu. Dillalai ne suka yanka wurin tun yana gona, da tef da turaku, turakun kuma gara ta cinye su tuntuni. Aka ɗauko tef aka gwada daga bakin titi ya ba ni gaskiya, aka gwada daga bayan gida ya ba shi gaskiya. Kuma kar a manta tun da aka buɗe jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016 tashar tana nan Rigasa, fili ya yi daraja a yankin nan, abin da iyayenmu za su ce a bar shi kawai yanzu kowa lissafinsa yake da kuɗi.

Mai unguwa, Allah ya saka masa, yace babu wanda zai kawo safiyonsa, wato mai awon fili, shi kaɗai, ku haɗu ku zaɓi mai lasisi guda ɗaya ku raba kuɗinsa biyu, don kar gobe wani yace an saye shi. Wannan shawarar ita ta fi komai amfani a duk rigimar, duk wanda ya shiga irin wannan hali ya riƙe ta.

Safiyon ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku da tsohon zanen yankan wurin, ya yi ta auna yana rubutu, can ya nuna gindin ayabar ƙarshe yace a tona nan. Aka tona baƙar ƙasar da aka zuba, aka wuce ta aka iso jar ƙasa ta asali, sai ga dutsen shaida, ɗan kankare mai kusurwa huɗu da ƙarfe a tsakiya da lamba a jikinsa duk ta cushe da laka sai da aka wanke da ruwan tiyon nan. Aka ɗaura igiya daga shi zuwa na bakin titi kowa na tsaye yana kallo. Ta gaba bangona daidai yake kan layi, amma yana tafiya yana karkacewa, kafin ya kai ƙarshe ya shiga ɓangaren Alhaji kamar taƙi ɗaya. Birkilan da ya yi ginin tun kafin in san gidan shine igiyarsa ta goce. Ashe dattijon yana da gaskiya a maganar iyaka, ni kuma ina da gaskiya a maganar ruwa, kuma gaskiyar ɗaya bata goge ta ɗaya ba.

Taƙin nan ya tsaya min a rai sosai, saboda hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa wanda ya zalunci wani gwargwadon taƙi na ƙasa za'a rataya masa shi tun daga ƙassai bakwai, tun muna makarantar allo muke jinsa amma ban taɓa ganin taƙin da idona a bayan ɗakina ba sai ranar. Ba ni na gina ba, amma yanzu na sani, kuma ni ke kwana a ciki. Nace Alhaji zaɓi naka ne, ko ka sayar min da wannan tsirin ko in rushe bangon in ja da shi baya in Allah ya hore. Mai unguwa yace kafin ka amsa Alhaji taso muje ka ga ɗakin. Ya shiga, aka ɗaga masa katifar, ya sa hannu a bangon filasta ta zubo masa a takalmi, yace yanzu nan yara ke kwana? Nace nan suke kwana Alhaji.

Ba wai nan take aka rungume juna bane. Ya ce zai sayar, kuma ya karɓi kuɗinsa cif, wasu a unguwa suna ta cewa ai da ya yafe, ni kam ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne kuma na fi samun natsuwa da na biya, babu wanda zai tasar wa 'ya'yana da maganar bayan ba mu. Ayabar ya cire ta ya maida can tsakiyar gidan, ciyawar aka ja ta baya kamar mita ɗaya daga bango, aka kwashe ƙasar da ta yi tudu, aka zuba kankare mai gangara da 'yar kwata da ke fitar da ruwa waje, shi ya biya wannan. Gyaran cikin ɗakin ni na yi shi, a raina ina ganin ya kamata ya sa hannu tunda ruwansa ne ya yi ɓarnar, amma na bar shi haka. Wanda zai yi irin gyaran nan kar ya yi gaggawa, a kankare tsohuwar filastar a bar bangon ya sha iska da zafin Maris ya bushe har ciki, sannan a yi sabuwa da siminti mai garin hana ruwa, in ka shafa fenti kan jiƙaƙƙen bango asarar kuɗi ce kawai zai sake kumbura.

Abin da muka yi duk an rubuta shi, da zanen safiyo da lambobin duwatsun da sa hannun mai unguwa da liman da shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Safiyon ya ja kunnenmu cewa cire dutsen shaida ko matsar da shi laifi ne a doka, a addini ma akwai la'ana a kan mai canza alamar ƙasa, don haka yanzu dutsen a bayyane yake ba'a sake binne shi ba. Shi ne kuma ya tuna min cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take, takardar ciniki shaida ce ta cewa ka biya kuɗi amma C of O, wato takardar shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, ita ce gwamnati ta sani, kuma a Kaduna tun da aka kafa KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, a 2015 can ake yin rajistar fili da ainihin ma'auninsa a kwamfuta. Na fara bin tawa. Ƙanena da ke shirin gini a Danbushiya kuwa na hana shi ɗora bulo ko ɗaya sai da safiyo ya nuna masa duwatsunsa huɗu, ya kai zanen ginin KASUPDA, hukumar tsara birane da ke ba da izinin gini, kuma ya bar rata tsakanin ɗaki da katanga ko da ɗakin zai ragu.

Ni da Alhaji muna gaisawa yanzu, matan ma sun koma shiga wa juna ko da yake ba kamar da ba. Saura magana ɗaya da ya kawo daga baya, cewa kwanon ɗakin nan nawa in ana ruwan Agusta yana zubo masa kan ciyawa yana tone ta, na duba na ga haka ne, na riga na yi magana da mai walda zai sa min gata da bututu ya juyar da ruwan ta ɓangarena kafin damina ta sauka.