Karkarwar bayan fita ta fara sauƙi

Jama'a, alhamdu lillahi, abin da ya hana ni sakat tun shigowar hunturu ya fara warwarewa. Maganar shiga ruwa mai tsananin sanyi ce da nake yi, amma ba lokacin shiga ruwan nake nufi ba. Wannan kun san shi: hakin da ke kama mutum a daƙiƙa 30 na farko yana lafawa cikin minti ɗaya zuwa uku, kuma shiga biyar ko shida na 'yan mintuna kan rage ƙarfinsa da kusan rabi. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an fito. Ka fito daga ruwa mai digiri 4, fata ta yi ja, jiki garau, har kana hira. Bayan minti 10 zuwa 15 sai karkarwa ta taso, haƙora na haɗuwa, hannu ya kasa riƙe kofi, shayi na zuba a cinya. Abin yana ɓata rai ƙwarai, domin yana cinye duk daɗin da aka sha wahala aka samu.

Sai da na gane dalilin kafin gyara ya yiwu. Muddin kana cikin ruwa, jijiyoyin jinin fata da na hannu da ƙafa a tsuke suke, jini ya tattara a ƙirji da ciki. Fata da kitse da naman da ke ƙarƙashinsu sun yi sanyi ƙalau, ciki kuwa da ɗuminsa. Fitowa ba ta tsayar da komai. Wannan ɓawo mai sanyi yana ci gaba da zuƙe ɗumin ciki, kamar tukunyar da aka sauke a kan jiƙaƙƙen yashi, ga kuma jinin da ya fara komawa gaɓoɓi yana dawowa zuciya a sanyaye. Shi ya sa zafin cikin jiki ke ci gaba da sauka har rabin awa ko fiye bayan ka bar ruwan. Ma'ana, yadda kake ji lokacin fita ba shi ne ma'auni ba. Wanda ya jira sai ya ji ya ishe shi, ya riga ya wuce gona da iri.

Gyara na farko ke nan: agogo ke fitar da ni, ba jiki ba. A ƙasa da digiri 5, minti biyu, ko da ina jin zan iya ƙarawa. Ƙa'idar nan da ake yawo da ita ta minti ɗaya ga kowane digiri ban amince da ita ba, don ba ta san ramammen mutum da mai jiki ba, ba ta san iska ba. A da na tsara ƙara lokaci mako-mako har minti biyar sannan in fara nutsa kai, amma duka biyun na ajiye su. Nutsa fuska na sa zuciya ta rage gudu a daidai lokacin da sanyin fata ke sa ta ƙara, kuma wannan cin karo da juna na iya rikita bugunta. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kam sai da izinin likita, kuma kowa ya shiga da wani tsaye a bakin ruwa.

Na biyu, kuma shi ne ya fi aiki: mintuna biyar na farko bayan fita, kafin yatsu su mutu. Kaya a jere suke tun kafin in shiga, wanda za a fara sawa a sama. Tabarmar roba a ƙasa don kada ƙafa ta taɓa ƙanƙara. Jiƙaƙƙen kaya ya fita nan take, a dangwale jiki da tawul ba tare da gurzawa ba, sai hular ulu, sai riguna biyu ko uku masu faɗi, sannan wando. Sama kafin ƙasa, kullum. Babu maɓalli, babu igiyar takalmi, zif ma sai na ɗaura masa zare mai kauri da za a iya ja da tafin hannu. Sai abin sha mai ɗumi da sukari daga fulas, rabin kofi don kada ya zube, da tafiya a hankali, ba gudu ba.

Wanka da ruwan zafi kuwa a bar shi sai karkarwa ta tsaya. Yana buɗe jijiyoyin fata gaba ɗaya, ƙarfin jini ya faɗi, jiri ya ɗebi mutum a banɗaki. Tuƙi ma haka, sai hannu ya dawo daidai.

Da wannan tsari karkarwar ba ta ɓace ba, kuma ba a so ta ɓace, ita ce hanyar da jiki ke haɗa ɗumi. Amma yanzu 'yar kaɗan ce, kofi na zaune a hannu, ina iya magana ba tare da harshe ya sarƙe ba. Wallahi na ji daɗin wannan.

Saura yatsun ƙafa. Safar roba ta masu ninƙaya mai kaurin milimita 3 da na saya da tsada tana shan ruwa ta bakin idon sawu, ruwan na shiga yana fita, ɗumi ba ya zama. Kuɗin sun yi mini ciwo. Zan gwada mai milimita 5 da ke da maɗauri a sama, girman da ya kama ƙafa ba tare da ya matse jini ba.