Ba Kowace Kora Ce Kora Ba

Da asubahin ranar 19 ga Disamba, 2019, ni ne a kan aikin fassara a ɗakin labarai na gidan rediyon da nake aiki. Cikin dare labari ya shigo daga Amurka cewa Majalisar Wakilai ta kaɗa ƙuri'a a kan Shugaba Donald Trump, kuma kalmar da ke bakin kowane rahoto ita ce "impeached". Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa an tsige shi, na miƙa wa editanmu, wani dattijo da ya fara wannan aiki tun ana buga labarai da tafireta. Ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Malam, yau a ina mutumin nan zai kwana?" Na ce a fadar White House. Ya ce, "To wanda aka tsige ba ya kwana a fada. Koma ka sake dubawa."

Da na koma na duba sai na tarar a tsarin Amurka aikin Majalisar Wakilai tuhuma ce kawai. Majalisar Dattawa ce ke zaman shari'ar, kuma sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun amince kafin shugaba ya sauka. Ranar 5 ga Fabrairu, 2020 suka wanke Trump, ya ci gaba da mulkinsa, kamar yadda Bill Clinton ya ci gaba da nasa bayan tuhumar 1998. Abin da ya ruɗe ni shi ne yadda kalmar take a kunnenmu. Tun da Majalisar Dokokin Kaduna ta sauke Gwamna Balarabe Musa a watan Yunin 1981, duk ɗan Najeriyar da ya ji "impeach" ya san kujera ta tafi ke nan. Da takardata ta wuce a safiyar nan, da mun gaya wa dubban masu sauraro abin da bai faru ba.

Daga ranar na sayi ƙaramin littafi na fara tara irin waɗannan kalmomi. Ban yi wata guda ba na gane cewa kalma ɗaya nake jefa wa kusan dukkansu: kora. Ma'aikaci, ɗalibi, ɗan haya, baƙo, jakada, kowa "an kore shi". Ba Hausa ce ta gaza ba, ni ne ban tsaya na zaɓa ba.

A wajen aikin gwamnati abin ya fi tsanani, domin a nan abincin iyali ne ke rataye a jikin kalma. Wanda takardarsa ta ce "dismissed", wannan shi ne korarre na gaskiya: laifi aka kama shi da shi, ya tafi da tabo, kuma yakan rasa haƙƙoƙinsa na barin aiki. Wanda aka ce "retired", ko da ritayar dole ce, yana da fansho. "Terminated" kuwa sallama ce, an kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki, ba lallai sai da laifi ba. Akwai kuma "suspended" da "interdicted", waɗanda dukkansu dakatarwa ce kafin a gama bincike, har na biyun yana karɓar rabin albashi. A tankaɗe da rairayar da gwamnatin Janar Murtala ta yi a 1975, sama da ma'aikata 10,000 ne suka bar aiki, wasu da kora, wasu da ritaya. A bakin jama'a duk Murtala ya kore su, amma a gidajensu bambancin ya fito fili kowane ƙarshen wata. Idan na ce an kori mutumin da aka dakatar, na yanke masa hukunci tun kafin kwamitin bincike ya zauna, kuma 'ya'yansa suna jin rediyo.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce "deport". Mu a ɗakin labarai muna son cewa "an tasa ƙeyarsa", saboda maganar tana da daɗi a baki. Amma a cikin wannan kalma ta Turanci akwai wani iƙirari a ɓoye: wanda ake yi wa haka ba ɗan ƙasa ba ne. A watan Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a Majalisar Dokokin Borno, aka tsallaka da shi Chadi bisa da'awar cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, kuma abin da aka yi masa ya saɓa wa doka. Duk mai fassarar da ya ce a lokacin "an mayar da shi ƙasarsu", ya ɗauki maganar gwamnati ya mai da ita gaskiya ba tare da ya sani ba. Wannan ya sa yanzu idan aka ce an dawo da 'yan Najeriya daga Libiya nakan duba ko "deported" aka rubuta ko "repatriated", domin wanda aka kwaso da yardarsa bayan ya sha wahala bai cancanci a ce an taso ƙeyarsa ba. Ita kuwa "extradite" daban take, miƙa wanda ake tuhuma ne ga ƙasar da ke nemansa don ya gurfana gaban kotu.

Akwai inda kora ta dace, kuma a nan ba na sassautawa. Abin da gwamnatin Busia ta yi wa baƙi a Gana a 1969, wanda ya taɓa Hausawan zango da dama, da abin da gwamnatin Shagari ta yi wa baƙi marasa takardu a 1983, duka biyun "expulsion" ne, korar jama'a ce gungu guda, da ƙunshin kaya a ka.

A fagen sarauta kuwa Hausa ba ta buƙatar aro. Muna da murabus, muna da saukewa, muna da tuɓe rawani. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya murabus ya yi a 1963 ya koma Azare da zama. Jikansa Muhammadu Sanusi na biyu, ranar 9 ga Maris, 2020, abu biyu aka yi masa a yini guda: "deposed" da "banished", wato an sauke shi, sannan an fitar da shi zuwa Jihar Nasarawa. Da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a Nuwamban 2021 cewa fitar da shi ɗin haramtacce ne, mutane da yawa sun ɗauka an mayar masa da sarauta ne. Wanda ya raba kalmomin biyu tun farko bai ruɗe ba.

Yanzu kafin in fassara kowace irin wannan kalma, sai na san wa ya ba da umarnin, na wane tsawon lokaci ne, da me mutumin ya tafi, kuma ko an bar masa ƙofar dawowa.

Bara wani dattijo maƙwabcina ya yi sallama da ni bayan sallar isha'i, riƙe da takarda daga jami'ar da ɗansa ke karatu. Kwana biyu yaron bai fito daga ɗaki ba, mahaifiyarsa kuma ba ta daina kuka ba, domin wani ya riga ya karanta musu ya ce an kore shi. Na haska fitilar waya na bi layi-layi. Ba "expelled" aka rubuta ba, wadda ita ce kora ta har abada, ba kuma "withdrawn" ba, wadda akan rubuta wa wanda makinsa ya gaza. "Rusticated" aka rubuta, na zangon karatu biyu.

Na ce, "Baba, ba a kore shi ba. Dakatar da shi aka yi na shekara ɗaya saboda laifin da ya yi, bayan nan zai koma ya ɗora daga inda ya tsaya." Ya ce in sake karantawa, na sake. Na ƙara masa da cewa asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta a tura mutum karkara ya zauna na wani lokaci.

Ya yi shiru, ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba. Sannan ya ce, "Alhamdulillahi. To ai damina ta kusa. Gobe zan kai shi wajen kawunsa a ƙauye, su yi noman bana tare." Ya tashi ya nufi gida da sauri don ya gaya wa uwar yaron.