Darasin da takardar shigo da jari ta koya mana

Tambayar farko da mai zuba jari daga waje yake yi ita ce: in na ci riba, ta wace hanya zan fitar da kuɗina, kuma cikin kwana nawa? Maganar haraji da wutar lantarki duk daga baya suke zuwa. Wanda ya daɗe a aikin hulɗa da masu jari a Najeriya ya san amsar tana rataye a wuyan takarda guda, wato shaidar shigo da jari, wadda 'yan banki ke kira CCI.

Dokar musayar kuɗaɗen waje ta 1995 ta ce bankin da kuɗin ya bi ta hannunsa ya bayar da takardar cikin awa 24, ya sanar da Babban Bankin Najeriya cikin awa 48. Da ita ake fitar da riba, da kuɗin ruwan bashi, da uwar kuɗin in an sayar da kamfani. In babu ita, hanyar hukuma ta toshe, sai kasuwar bayan fage. Wuraren da ake yin tuntuɓe sanannu ne. Sunan wanda ya turo kuɗin ya saɓa da sunan mai hannun jarin da ke rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista. Ko a shigo da injina a matsayin jari, a manta ba a nemi takardar a kansu ba. Mafi muni shi ne a rubuta kuɗi a matsayin bashi, daga baya a mayar da shi hannun jari ba tare da cikakken amincewar Babban Banki a rubuce ba.

A kan wannan na ƙarshen ne rikicin MTN ya taso. A watan Agustan 2018 Babban Banki ya umarci kamfanin ya dawo da dala biliyan 8.1 da ya ce an fitar ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma ci tarar bankuna huɗu naira biliyan 5.87. Tushen maganar sauya bashi ne zuwa hannun jari, abin da aka yi sama da shekara goma kafin nan. Hannun jarin uwar kamfanin ya faɗi warwas a kasuwar Johannesburg. A Disambar shekarar aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 53. Ku dubi tazarar da ke tsakanin adadin farko da na ƙarshe. Masu jari sun duba, kuma abin da suka fahimta shi ne hukuma na iya tono takardar da ta kwana shekaru, ta ɗora mata kowane adadi. Wata huɗu aka yi ana wannan rigima, amma mu da ke zama da baƙi masu jari mun daɗe muna amsa tambayoyi a kanta. Shi ya sa nake cewa a adana kowace wasiƙar amincewa, ta asali, mai sa hannu da hatimi, ko da an koma bayar da takardar ta kwamfuta tun 2017. Amincewar baki, ko ta wucin gadi, ba ta tsayawa gaban jami'in da zai zo bayan shekara goma.

Takarda mai tsabta ma ba ta isa ba in dala ta yi ƙaranci. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen sama na waje da ya maƙale a Najeriya ya haura dala miliyan 800. Emirates ya dakatar da zuwa a 2022, bai dawo ba sai Oktoban 2024. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a daidai lokacin wasu manya sun fi damuwa da tarukan Landan da Dubai, da sa hannu a yarjejeniyar fahimtar juna gaban kyamara. Ƙananan ma'aikatan da suka faɗi gaskiya a rahoto ba a gode musu ba.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a biya kuɗin fili kafin a lissafa watannin jiran amincewar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. A karanta sashen sasanta rikici na kwangila kafin sashen farashi; diyyar da aka yanke wa Najeriya kan kwangilar iskar gas a shari'ar kamfanin P&ID ta kai kimanin dala biliyan 11 kafin kotun Landan ta rushe hukuncin a Oktoban 2023. Alkawarin rangwamen haraji kuwa, in ba a rubuce yake cikin doka ko takardar hukuma ba, ranar da gwamnati ta sauya ya tafi.