Entrée: Kalma Ɗaya, Abinci Biyu

Duk wanda ya zauna a gidan abinci a birnin Paris ya nemi entrée, ɗan abin taɓa baki za a kawo masa, kamar romo ko haɗin ganye, kafin babban abinci ya iso. A New York kuwa, babban abincin ne da kansa za a dire masa, nama ko kifi da abin haɗinsa. Sau da yawa akan zargi Amurkawa da cewa sun ari kalmar Faransanci sun juya mata ma'ana, amma a ganina wannan zargi bai yi musu adalci ba.

Gaskiya ne kalmar ta fito daga entrer, wato shiga. Sai dai a ƙarni na 17 da na 18, a gidajen masu hannu da shuni na Faransa, ba a kawo abinci kwano bayan kwano; ana jera kwanuka masu yawa a kan tebur a lokaci guda, a kwashe, a sake jera wasu. A zagayen farko ne entrée ke fitowa tare da romo, kuma nama ne mai zafi da aka dafa cikin miya mai kauri, kaza ko naman maraƙi, wanda shi kaɗai ya isa ya ƙosar da mutum. Gasasshen nama sai a zagaye na biyu.

A ƙarni na 19 salon Rasha ya karɓu, inda masu hidima ke yanka nama a gefe suna miƙa wa kowa rabonsa bi da bi, kuma akan danganta shigowarsa Paris da Alexander Kurakin, jakadan Rasha daga 1808 zuwa 1812. A wannan tsari entrée ta koma tsakiya, bayan romo da kifi, kafin gasasshen nama. Da ƙarni na 20 ya zo aka rage tsawon liyafa, sai Amurkawa suka bar sunan a kan kwanon nama mai nauyi, Faransawa kuma suka mayar da shi kan abin da ke fara zuwa.

Ostireliya ta bi sahun Faransa. A Kanada kuwa ma'anonin biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, domin abin da mai hidima zai kawo a Montreal, inda aka fi yin Faransanci, daban yake da wanda zai kawo a Toronto, inda aka fi yin Turanci.