Tsari ɗaya a takarda, a zare da a katako: bin sawun Sophie Taeuber-Arp

Sophie Taeuber-Arp, 'yar Suwizalan da aka haifa a Davos a 1889 ta kuma rasu a Zurich a 1943, ta ƙofar zare ta shiga zanen da ba ya kwaikwayon surar mutum ko dabba ko itace. Tsara yadi da saƙa ta karanta a St. Gallen da Munich, su kuma ta koyar a makarantar sana'o'in hannu ta Zurich daga 1916 zuwa 1929. Ta yi 'yan tsanan katako masu igiya don wasan kwaikwayo a 1918, da jakunkunan ƙananan duwatsun ado, da gilashin taga mai launi. Ita da mijinta Hans Arp da mai zane Theo van Doesburg ne suka ƙawata cikin ginin Aubette a Strasbourg, aka gama a 1928. Abin da na so in gani da hannuna shi ne yadda tsari guda ke sauyawa idan ya bar takarda ya hau zare ko katako.

Na fitar da tsarin a takardar lissafi mai gida-gida, gida 40 a faɗi, 60 a tsawo. Layuka a tsaye da a kwance ne, irin ayyukanta na farko, sai na ƙara da'ira biyu. Launi biyar: ja, baƙi, shuɗi, ruwan toka da ruwan ɗorawa.

Takarda ba ta da gardama sosai. Na yi amfani da fentin ruwa mai kauri da ake kira gwash, a kan takarda mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, don mara nauyi lanƙwashewa take idan ta jiƙe. A dama kowane launi da yawa lokaci guda, domin gwash na sauya kama in ya bushe: mai duhu ya ɗan yi haske, mai haske ya ɗan yi duhu, ba a kuma iya sake haɗa irinsa sak. In ya yi kauri tsagewa yake. In aka yi ta maimaita buroshi a wuri ɗaya, shafin ƙasa ya taso ya gauraya da na sama.

A ɗinki ne na gane inda layukan Taeuber-Arp suka fito. Ƙyallen ɗinki mai ido-ido shi kansa gida-gida ne, duk abin da ke tsaye ko kwance sai ya zauna daram. Na ɗauki mai ido huɗu a kowace santimita, kowane gidan takarda ya zama ɗinki biyu a faɗi biyu a tsawo, wato ɗinkin gicciye 9,600 a fili mai santimita 20 da 30. Da'irar ce ta ƙi. Wadda ke da faɗin ɗinki 12 matakala-matakala ta fito. Sai ta kai wajen 24 kafin ido ya yarda da'ira ce. Na buɗa ɗaya, ɗayar kuwa na mayar da ita murabba'i, kuma tsarin ya fi kyau haka.

Kowane gicciye, zaren samansa ya kwanta gefe guda daga farko har ƙarshe. In aka juya a tsakiya, haske zai bugi ulun ta wata fuska, ja ɗaya ya koma kamar ja biyu. Masu ɗinkin hula sun san wannan tun tuni. Kada zaren allura ya wuce santimita 45, don yawan ratsa ƙyalle na cinye shi ya sirance. A sayi ulun kowane launi gaba ɗaya daga rini guda. A ɗaure ƙyallen a firam ya miƙe, in ba haka ba jan zare zai karkatar da shi, murabba'i ya koma jirkitacce. Ulu kuma yana shan haske, shi ya sa shuɗi da baƙin da suka rabu sarai a takarda suka kusa haɗewa, dole na sa shuɗi mai haske.

Ayyukan Taeuber-Arp na katako masu tudu da kwari na wajen 1936 zuwa 1938 ne, galibi launinsu kaɗan. Na ga dalili. Da na yanka siffofin da zarto daga fallen katako mai kaurin milimita 12 na ɗora su a kan allo, kowanne ya jefa inuwa, inuwar ta zama launi na shida wanda ke yawo da rana. Biyar sun yi yawa, na rage zuwa fari, baƙi da ja.

Bakin yanka ya fi fuska shan fenti, saboda haka a goge shi da samfefa mai lamba 120, a bi da 220, a shafa fentin ƙasa sau biyu kafin launi. A fente bayan allon shi ma. In fuska ɗaya kawai aka rufe, ɗayar za ta riƙa sha da fitar da laima, hunturu na shigowa allon ya bauɗe. Gam kaɗai bai isa ba, a ɗaure kowace siffa da sukuru ta baya. Kafin a kafe komai, a liƙa siffofin da salatif, a jingina allon inda za a rataye shi, a duba da safe a duba da la'asar, don tazarar da ta ishi siffofi biyu a kan tebur inuwa na iya cinye ta a bango.